Allurar jel ta gwiwa: ta yi wa Hajiyarmu amfani, amma ku ji sauran zancen kafin ku fitar da kuɗi

Idan maki za a ce in ba allurar nan daga cikin goma toh shida zan ba ta, kuma shidan ma da dalili, don da a ce mahaifiyarmu ba ta da ciwon suga da olsa wataƙila biyar zan ce. 'Yan uwa da maƙwabta sun dame ni da waya, kowa da tsohuwarsa ko tsohonsa mai ciwon gwiwa, wai sun ji an yi wa Hajiya wata allura ta miƙe, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya huta nima in huta. Ni ba likita ba ne, ɗan rakiya ne kuma mai biyan kuɗi, sai dai ina da ɗan banzan bin diddigi idan abu ya shafi aljihuna. Ba zan faɗi sunan wadda muka saya ba ko asibitin da aka yi, kar a ce talla nake yi wa wani ko ɓatanci.

Ciwon Hajiya irin wanda kowa ya sani ne, amosanin gwiwa na tsufa. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwan ya cinye, idan ta tashi daga zaune sai ka ji ƙas ƙas, da asuba gwiwar a sandare sai ta ɗan tattaka kafin ta saki, sallah ta koma kan kujera, hawa bene kuwa sai dai a yafe. Man zafi babu kalar da ba a shafa ba, an yi ƙaho, an sha saiwoyi, diklofenak kuwa ta sha shi kamar ba gobe har ya tayar mata da olsa likita ya ce kul, ya ce in ba a bari ba ƙoda ce ta gaba. A nan ne aka kawo maganar jel.

Abin da ke cikin sirinjin sunansa hayaluronik asid, kuma ba baƙon abu ba ne a jiki, akwai shi a fata, a cikin ƙwayar ido, da kuma ruwan da ke cikin gaɓoɓi. Lafiyayyar gwiwa ruwan cikinta bai wuce cikin cokalin shayi ba amma yana da yauƙi kamar miyar ɗanyar kuɓewa, shi ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi ba gurza, idan kuma aka dira da ƙarfi ya tare nauyin. A gwiwa mai amosani ruwan nan tsinkewa yake, yauƙin ya ragu. Shi ne masu haɗa magani suka ce bari a zuba wani daga waje. Matsalar ita ce idan ka zuba shi a yadda yake jiki na kwashe shi cikin kwana ɗaya biyu, don haka sai suka riƙa sarƙe zarurrukansa da juna ya zama wani irin raga mai riƙe ruwa, kusan dukkansa ruwa ne amma ba ya gudu kamar ruwa, wannan shi ake ce wa haidurojel. Yana bi ta bakin allura idan an matsa, in ya shiga sai ya koma ya yi kauri ya zauna. Kuma ko an sarƙe shi ɗin ma kwanaki ne zuwa 'yan makonni ya narke, ba wai zama yake na wata shida a ciki ba kamar yadda wasu ke faɗa, sauƙin ne ake fatan ya kai haka.

Tarihinsa ma abin dariya ne wallahi. A 1934 wasu masana biyu a jami'ar Kolumbiya ta Amurka, Karl Meyer da John Palmer, suka fara ciro shi daga idon saniya. Daga baya wani masani ɗan asalin Hungari, Endre Balazs, ya gano yadda za a tace shi tas daga zankon zakara, jan naman nan na kansa. Kuma kafin a fara yi wa mutane sosai dawakan sukuwa aka riƙa yi wa a gaɓa, a shekarun 1970. Da na faɗa wa Hajiya haka sai ta ce, "To ni yanzu doki ce ko kaza?" Japan ce ta fara amincewa da shi don gwiwar mutum a 1987, Italiya ta biyo baya, Amurka kuma sai 1997.

Kala-kala ne a kasuwa kuma a nan ne mutum ke rikicewa. Akwai Hyalgan na kamfanin Fidia na Italiya, shi sati-sati ake yi har sau uku zuwa biyar. Akwai Synvisc, allura uku ta mil 2 kowacce, da ƙaninsa Synvisc-One mai mil 6 da ake yi sau ɗaya tal, wanda ya fito a Amurka a 2009, waɗannan duk daga zakara ake yin su, don haka duk wanda ƙwai ko naman kaza ko gashin tsuntsu ke sa wa ƙaiƙayi da borin jini dole ya faɗa wa likita tun kafin a buɗe kwali. Sai irin su Durolane mai mil 3 da Euflexxa waɗanda ba ruwansu da dabba, ƙwayoyin bakteriya ake kiwo a masana'anta su samar da shi a tace. Mu mai sau ɗaya muka ɗauka kuma wanda ba na zakara ba, ba don ya fi ƙarfi ba, kawai dai ɗauko tsohuwa mai ciwon gwiwa a saka ta a mota duk sati a bi layi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk sanda allura ta shiga gaɓa akwai ɗan haɗarin ƙwayar cuta ta bi ta, gara sau ɗaya da sau biyar.

Abin da ya burge ni da likitan da muka samu shi ne bai yi saurin cewa a kawo kuɗi ba. Sai da ya sa aka ɗauki hoton gwiwar tana tsaye, ya ce hoton kwance yaudara ne don nauyi bai hau ba sai ka ga kamar akwai fili tsakanin ƙasusuwan alhali babu. Suna da ma'auni na mataki ɗaya zuwa huɗu, ta dama tana na uku, ta hagu ta kai na huɗu, ƙashi na zaune kan ƙashi. Ya ce, "Mama, ta daman nan za mu iya gwadawa, amma ta hagu in na karɓi kuɗinku na cuce ku." Ita kuwa ta hagun ce ma ta fi damunta, ta ce, "Haba likita, ɗan nan, ai ita ce mai ciwon." Ya ce ya sani, amma jel ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. Na so wannan maganar ta shiga kunnen kowa, domin na ji masu cewa wai allurar na tsiro da sabon guringuntsi, ƙarya ce, ba ta yi.

Yin allurar kansa ba wani tashin hankali ba ne. Ba a shiga tiyata, ba a kwana, ba a sa barci. Aka kwantar da ita, aka wanke wajen da ruwan aidin ɗin nan mai ruwan ƙasa sosai da sosai, ya ɗan kashe fatar, ya sa na'urar sikanin yana kallon bakin allurar har ta shiga inda ake so. Da yake gwiwar ta tara ruwa sai da ya fara zuƙe shi, wani ruwa rawaya-rawaya, sannan ya sauya sirinji ya tura jel ɗin a hankali don yana da kauri ba ya tafiya da sauri. Hajiya ta ce ba zafi ba ne sosai, wani irin nauyi ne da cika kamar ana hura gwiwar. Kafin in gama amsa wata waya har an manna filasta. Maganar sikanin ɗin nan kar ku raina ta, musamman ga mai jiki, domin in jel ya sauka a gefen gaɓa maimakon cikinta toh ga zafi ga asarar kuɗi. Shi ya sa ba allurar da za a kira mai kemis na unguwa ya zo gida ya yi ba ce, komai iya allurarsa. Cikin gaɓa in ƙwayar cuta ta shiga ba wasa ba ne, tana iya cinye gwiwar cikin 'yan kwanaki. A nemi likitan ƙashi na gaske, ko a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa, ko mai zaman kansa da aka san aikinsa.

Aka ce kwana biyu kar ta yi doguwar tsayuwa ko ɗaukar kaya, ta riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul. A daren farko gwiwar ta ɗan kumbura ta yi ɗumi, Hajiya ta fara cewa ai ga shi nan kun je kun ƙara min, amma dama an faɗa mana hakan na faruwa ga mutane da yawa kuma yana wucewa, ya kuwa wuce. Wanda aka ce mu ruga asibiti a kansa shi ne in gwiwa ta yi ja ta yi zafi rau, ta kumbura suntum, ko zazzaɓi ya shigo, alhamdulillahi ba mu ga wannan ba.

Sai jira. Wannan ne wajen da mutane ke karaya, don ba irin allurar da za ka tashi washegari ka ce na warke ba ce. Makonnin farko babu wani bambanci, har ƙanwata ta fara min kallon ka jefa kuɗi a rijiya. Sai da wata ya kusa zagayowa muka lura ta daina neman a kama ta in za ta tashi daga kujera, tana zagaya tsakar gida, ta koma leƙa kicin tana faɗan an cika gishiri, barcin dare ya gyaru don da ciwon na tada ta. Farasitamol ma ta rage sha. Amma sujada a ƙasa da zaman tahiya ba su dawo ba, kuma ba na jin za su dawo, har yanzu kan kujera take sallah, tsuguno kuwa babu shi. Ta hagu tana nan yadda take. Sauƙin ya riƙe wasu watanni masu ɗan dama sannan ya fara ja da baya a hankali, wanda dama haka masu yin ta suke rubutawa a takarda, har zuwa wata shida, ba su ce har abada ba.

Toh yanzu ga ɓangaren da masu sayarwa ba sa son a faɗa. Masana kansu bai haɗu a kan allurar nan ba, kuma masu cewa a'a ba ƙananan mutane ba ne. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka tun 2013 ta ce ba ta ba da shawarar a yi ba, a 2021 ta ɗan sassauta harshe amma dai ta ce kar a mayar da ita abin yi ga kowa da kowa. Hukumar NICE da ke tsara wa asibitocin gwamnatin Ingila magani ta ce a 2022 kar a riƙa bayarwa. A wannan shekarar dai mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 169 da mutum 21,163, da suka ware manyan gwaje-gwajen cikinsu suka ga bambancin jel da allurar bogi (wadda babu magani a cikinta, ake yi don kwatantawa) wajen rage ciwo kusan maki 2 ne kacal a ma'aunin 100, abin da mutum ba zai ma iya ji a jikinsa ba, kuma suka ce matsaloli masu tsanani sun ɗan fi yawa a ɓangaren masu jel. A ɗaya gefen ƙungiyar OARSI ta masu binciken amosani a 2019 ta ce ana iya gwadawa ga wasu marasa lafiyar. Kun ga ke nan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne allurar bogin, wato ruwan gishiri kawai, ita ma tana rage wa mutane ciwo sosai a waɗannan gwaje-gwajen. Ka zuƙe ruwan da ya taru, ka soka allura, mutum ya sa rai, ya huta kwana biyu, sai ya ji sauƙi. Ita Hajiya an zuƙe mata ruwa a ranar, kuma a lokacin ne ta fara zuwa gashin ƙashi ana koya mata motsa cinya, ta kuma ɗan rage tuwon dare saboda sugan. Don haka in wani ya ce min jel ɗin shi kaɗai ya yi aikin ba zan yarda ba, abubuwa ne suka haɗu. Maganar rage ƙiba ma ba ƙarama ba ce, bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya sauke kamar kilo huɗu ne ya ɗauke wa gwiwa a kowane taku, kuma wannan kyauta ne.

To me ya sa duk da haka na ba ta shida? Saboda sauran hanyoyin da suka rage mana ne. Allurar siteroid, wato maganin rage kumburi da ake yi a gaɓa, ta fi araha nesa ba kusa ba kuma tana aiki da wuri, amma sauƙinta 'yan makonni ne, tana kuma harba suga sama na kwanaki, ga mai ciwon suga wannan abin dubawa ne. Sannan akwai gwajin da aka buga a mujallar JAMA a 2017, mutum 140, aka riƙa yi wa rabi siteroid duk wata uku har shekara biyu rabi kuma ruwan gishiri, a ƙarshe masu siteroid guringuntsinsu ya fi cinyewa kuma ciwon bai bambanta ba. Ƙwayoyin kashe zafi olsa ta hana. Aikin sauya gwiwa, wanda shi ne maganin gaske ga mataki na huɗu, Hajiya ta ce ko da wasa kar a ƙara yi mata zancen, ga kuɗinsa kuma sai an sayar da fili. Mutumin da yake tsakiyar nan, ba ƙwaya ba siteroid ba tiyata, shi ne jel ke iya saya wa lokaci.

Kuɗi kam akwai shi. Abin da muka biya na gwiwa ɗaya, allurar da aikin likita da sikanin, ya wuce mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata ya ba shi rata, kuma da yake daga waje ake kawo ta duk sanda dala ta motsa ita ma sai ta motsa. In za ku saya da kanku ku duba lambar NAFDAC, ku duba ranar lalacewa, ku tabbata sirinjin na cikin ledarsa a liƙe ba a taɓa ba, kuma a buɗe a gabanku. Ku karanta gefen kwalin, yawancinsu an rubuta kar zafi ya wuce digiri 25 ko 30 kuma kar a daskarar, mu kuwa a bazara 40 muke gani, don haka shagon da kaya ke jibge ƙarƙashin kwano babu fanka ba wajen sayen wannan ba ne ko da ya fi araha. Na ji ana tallan wasu a waya da rabin kuɗi wai an kawo daga Dubai ko Masar a jaka, ni dai ba zan sa abin da ban san inda ya kwana ba a cikin gaɓar uwata.

Da nake bin diddigin nan na gane ashe jel na gwiwa ɗan ƙaramin reshe ne, abin ya yi nisa. Tun 1960 da wasu masana biyu na Cekoslobakiya, Wichterle da Lím, suka fito da haidurojel ɗin da aka yi gilashin ido mai laushi na mannawa da shi, ake ta neman yadda za a sa jel ya zama ma'ajiyar magani a cikin jiki, a cusa shi ta ƙaramar kafa ya zauna daidai wajen ciwo yana sakin magani kaɗan-kaɗan maimakon a sha ƙwaya ta zagaye jiki duka ta taɓa ciki da ƙoda. A gwiwa ma akwai Cingal, jel ne da aka haɗa da siteroid a sirinji ɗaya don siteroid ya fara aiki da wuri kafin jel ya karɓa, ana amfani da shi a Kanada da Turai. Akwai Arthrosamid na Denmak, kashi 97.5 ruwa ne, shi ba ya narkewa, zama yake dindindin, wanda ni hakan ne ma ya sa na yi baya-baya, abin da ba ya fita in ya ba da matsala fa? Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Jelmyto da Amurka ta amince da shi a 2020 don wani nau'in kansar hanyar fitsari ta wajen ƙoda: in yana da sanyi ruwa ne, ana tura shi ta siririn bututu, da ya ji ɗumin jiki sai ya daskare ya riƙe maganin kansar a wajen na awa 4 zuwa 6 kafin fitsari ya narkar da shi, alhali da ruwa ne zalla nan take zai wanke. Sai SpaceOAR na masu kansar furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da za a gasa musu kansar da hasken na'ura, ana tura shi tsakanin furostet da dubura ya buɗe tazarar kusan santimita ɗaya don hasken kar ya ƙona hanji, bayan kamar wata shida jiki ya shanye shi. Waɗannan ban gan su da idona ba, karantawa na yi, amma sun nuna min dabarar kanta mai kyau ce, kawai dai ta gwiwar ce hujjarta ba ta kai tallanta ba.

Wanda ciwonsa yake mataki na biyu ko na uku, ƙwaya ta hana shi zaman lafiya, siteroid bai dace da shi ba, kuma kuɗin ba zai sa gidan ya kwana da yunwa ba, ya gwada sau ɗaya ya gani, in bai ji komai ba bayan wata biyu kar ya yarda a ce masa sai an maimaita sannan za ta kama. Wanda ƙashinsa ya riga ya haɗu, ko ƙafar ta gwame sosai, ya tara kuɗin nan wajen aiki ya fi masa. Mai ƙurji ko miki a fatar gwiwa ya bari ya warke tukuna. Wanda kuma bai taɓa zuwa gashin ƙashi ba, bai rage nauyi ba, bai sauya masai zuwa na zama ba, yana jin kunyar riƙe sanda, toh ya fara da waɗannan, don motsa jiki da rage nauyi su ne duk ƙungiyoyin da na ambata suka haɗu a kansu ba gardama.

Mu dai shawarar da muka yanke a gida ita ce za a sake yi wa ta dama sau ɗaya, a daidaita shi kamar wata ɗaya da rabi kafin tafiyarta Umara in Allah ya kai mu, don sauƙin ya riske ta lokacin ɗawafi, sa'ayi kuwa keken turawa za mu kama mata ko ta so ko ta ƙi. Ta hagu kuma yayanmu ya ɗauki nauyin lallashinta kan maganar aikin, mun ba shi nan da bayan sallah.